Rigar da Na Yafa wa Lawali a Shinkafi

Ku 'ya'yana da 'ya'yan ƙanena Lawali, na san abin da ake gaya muku a kan ranar Shinkafi. Ana cewa wai ni, Garba, na shiga fagen kokawa a gaban jama'a na yafa wa ƙanena riga na fid da shi, don ina tsoron sunansa ya danne nawa. Na ji maganar a tasha, na ji ta a wurin suna, har wata tsohuwa mai fura ta taɓa faɗa mini ita ido da ido tana miƙo mini ludayi. Shekara ashirin da ɗoriya ina haɗiye ta. Yanzu gwiwa ta fara ƙara, ido ya fara dishi-dishi, shi ya sa na zaunar da 'yata Luba da biro na ce ta rubuta. Tana mayar da maganata Hausar makaranta, na ƙyale ta, amma na ce maganar mutane ta bar mini ita yadda suka yi ta. Rigar dai na yafa, ban musa ba. Dalilin ne ba ku sani ba.

Gidanmu na Ƙaura gidan kokawa ne tun kakanni. Da damina noma, da an kai amfani gida sai fage. Baba ya yi, ni na yi, kuma ba yabon kai ba, na kayar da maza. Amma kokawa ba ta cika tukunya, don haka sana'ata ta ci ita ce ɗinkin buhu a kasuwar hatsi. Rumfata tana nan inda kuka san ta. Buhu ya zo a yage, in sa basilla da zare in yi masa faci, a zuba gero a ɗora a mota. Lawali na ba shi shekara goma sha biyu, kuma yana ƙarami Baba ya rasu, saboda haka a hannuna ya tashi. Ni na koya masa kamu, ni na koya masa yadda ake kafa ƙafa. Abu ɗaya ne ban koya masa ba, da shi aka haife shi. In ya rungumi mutum ƙirji da ƙirji, sai ya yi ɗage a kan 'yan yatsun ƙafarsa, ya cira shi sama kamar damin kara, ya aje shi. Mutane kan taso tun daga Zurmi da Dauran don su ga ɗagen nan kawai. Tunda ya fara shiga fagen manya ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa, kuma ni in na tsaya a bakin fage ina kallonsa, wallahi kaina har wani girma yake yi.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda ya auri Hassi, uwar wasunku, 'yar Birnin Tsaba. Inna ce ta fara gani, Allah ya jiƙan ta. Akwai ragaya a ɗakinta inda take rataye ƙwaryar nono, kuma tun Lawali yana saurayi shi ke sauko mata da ita, ɗage ɗaya ya kamo. Ran nan ta aike shi, sai ta ga ya tsaya yana kallon ragayar, ya jawo kujera 'yar tsugune ya taka. Ni ta tara da yamma ina wanke ƙafa. Inna ba ta faɗin sunana don ni ne ɗan fari, sai dai ta ce kai wanga.

"Kai wanga, yaron ga ba shi ɗage."

Na ce, "Wane yaro, Inna?"

"Ƙanenka. Diddige nai ba ta barin ƙasa. Kwana nawa ina kallo."

Dariya na yi, Allah ya yafe mini. Na ce, "Inna, amarci na. Tuwon amarya ya yi mishi nauyi. Bar ni da shi."

Ta dube ni ta ce, "To, kai ka sani," ta shige ɗaki.

Maganin da muka gada a gidanmu in ƙafar ɗan kokawa ta yi sanyi guda ɗaya ne, yashin gulbi. Da rani in ruwa ya janye, a ɗora wa mutum rabin buhun gero a kafaɗa, ya yi ta gudu cikin yashi daga gaɓa zuwa gaɓa, tun bayan asuba har hantsi. Haka aka yi wa Baba, haka Baba ya yi mini, kuma ni ya yi mini aiki. Don haka na ɗinka wa Lawali buhu na musamman da hannuna, mai faci biyu a gindi don kada ya yage, na tasa shi gaba. Ina zaune a gaɓa da goro a baki ina ƙirga masa zuwa da dawowa. In ya tsaya in ce masa malalaci, in ce ko in aika a kira Hassi ta ƙarasa masa. Shi kuwa ba ya musu da ni. Sai ya share zufa ya ce, "To, Yaya," ya sake ɗauka. Bayan kamar mako uku sha-raɓarsa ta kumbura ta yi tauri, yana cewa tana masa zogi. Ni kuma murna ta kama ni. Har janyo shi na yi a rumfa na ɗage masa wando ina nuna wa 'yan dako, ina cewa ku zo ku ga ƙafa. Na ƙara masa gero a buhun.

Kumburin bai daɗe ba ya saɓe, kuma da ya saɓe sai ya tafi da naman. Sha-raɓar da nake nuna wa mutane ta koma kamar an zuƙe ta. Tafiyarsa ta sauya, yana aje ƙafa gaba ɗaya, daɓ, daɓ, kamar mai tafiya cikin taɓo. Duk da haka ban daina kai shi gulbi ba, don kan ɗan kokawa in ya kafe sai Allah. Hassi ce ta tsayar da ni. Yarinya ce a lokacin mai kunya, ko sunana ba ta faɗi, in na shigo gida durƙusawa take har in wuce. Ran nan da sassafe na zo ƙofar ɗakinsu na yi gyaran murya, sai ga ta ta fito ta tsaya a kan buhun geron, a kansa fa, da ƙafafunta biyu.

"Yaya, yau ba shi zuwa."

Na ce, "Ke da wa?"

"Ni da Allah. Jiya a ɗaki sai da ya dafa bango kahin ya tashi daga sujada. Ku ba ku gani, ni ka gani. In ƙarhi kuke nema mishi, wanga buhu ɗauke mishi shi yake yi. Ku kai shi asibiti, in sun ce yashi na magani, ni da kaina ni ka ɗora mishi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na juya in ga ko Inna za ta tsawata mata, sai na ga Inna zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ta kafa mini ido. Nan na gane su biyu suka ƙulla. Na ce to, na ji, na fita ko karin kumallo ban yi ba.

Asibitin garinmu suka ɗebi jini suka ce abin ya fi su, suka tura mu babban asibiti a birni. Can ma jini, da bugun gwiwa da 'yar guduma, da yi ɗage, da taka da diddige, da tsuguna ka tashi. Daga baya suka yanki ɗan nama kamar ƙwayar wake a ƙafarsa suka ce za a aika da shi nesa a duba, mu dawo in an kira mu. Muka dawo gida muka yi ta jira, damina ta zo ta wuce. Cikin jiran nan ne aka aiko daga Shinkafi. Akwai wani ɗan kokawa daga ƙetaren iyaka, ana ce masa Na-Tudu, ƙato ne baƙi mai wuya kamar turmi, kuma an san shi da mugun kaye. Ba ya aje mutum, buga shi yake da ƙasa ya bi shi ya danne. Shi ma ba a taɓa kayar da shi ba. Masu shirya wasa suka ce bana sai an haɗa shi da Lawali ranar kasuwa bayan girbi. Kafin in buɗe baki Lawali ya karɓi goron. Saura kwana tara wasan aka kira mu birni.

Likitar mace ce, ba ta kai Luba ta yanzu shekaru ba, da tabarau. Da na gan ta na ce a raina, wannan me ta sani a kan ƙafar namiji. Ta zaunar da mu, ta tambaye ni sana'ata. Na ce ɗinkin buhu. Sai ta aje biro ta yi murmushi.

Ta ce, "To Baba, kai za ka fi kowa ganewa. Ka san in an yanka nama ana ganinsa zare-zare?"

Na ce na sani.

"Kowane silin zaren nan yana cikin nasa tantani, kamar hatsi a buhu. Ido ba ya ganinsa don sirantaka. Duk lokacin da mutum ya yi aikin ƙarfi, buhunan nan suna ɗan yagewa. Ni da kai da kowa haka muke. Amma Allah ya aje wani sinadari, muna ce masa furotin, a jikin tantanin kansa yake zaune. Suna da yawa, kowanne da aikinsa, wasu suna riƙe buhun da abin da ke cikinsa don kada ya goce. Shi wannan da nake faɗa maka sunansa disfalin, kuma aikinsa irin naka ne. Da an yage, nan take zai jawo faci ya rufe kafin abin ciki ya zube."

Na ce, "To na Lawali fa?"

"Mun duba naman da muka aika, babu shi. Buhu yana yagewa, ba mai faci. Jinin da muka auna tun farko, abin da ya zube muka gani a ciki, kamar yadda kake ganin gero a ƙasan rumfa ka san akwai buhun da ya ɓule. In silin ya yage ya sake yagewa, a ƙarshe mutuwa yake, kitse ya maye wurin."

Wallahi a duk rayuwata ba a taɓa yi mini bayani na gane shi sarai kamar wannan ba, kuma ban taɓa fatan da ban gane ba kamar ranar. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne buhun da na ɗinka masa mai faci biyu. Na yi wa buhun gero faci biyu, na ɗora a kan wanda ba shi da ko ɗaya. Da ƙyar na tambaye ta ko ni na jawo masa, na ba ta labarin gulbi duka, ban rage ba.

Ta ce, "Ba kai ka jawo ba. Da shi aka haife shi, gado ne ta wajen uwa da uba duka biyu, kuma yakan ɓuya sai mutum ya zama saurayi. Ko a gado ya kwanta tun yana yaro zai zo. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, yashin nan bai taimake shi ba. Kada a sake."

Ta tambaya ko iyayenmu dangi ne, na ce 'ya'yan wa da ƙane ne. Ta gyaɗa kai. Ta ce har yanzu ba a samo maganin da ke mayar da mai facin ba, sai lallaɓawa, da motsa jiki a hankali, da kiyaye faɗuwa. Ta ce in an kula zai daɗe yana takawa. Sai Lawali ya gyara zama.

"Likita, ina da wasa ran Alhamis ta sama."

Ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce ita ba za ta ce wasa ɗaya zai gurgunta shi ba, don ba ta sani ba. Amma idon sawunsa ba shi da abin da zai riƙe shi yanzu. In aka buga shi da ƙasa ya karye, aka kwantar da shi wata biyu ko uku, naman da ya rage zai tafi, kuma irin nasa in ya tafi ba ya dawowa. Mai yiwuwa daga wannan kwanciya ba zai sake tashi da ƙafarsa ba. Lawali ya yi mata godiya da ladabi, muka fito.

A mota na yi masa magana, a gida na yi, Inna ta yi, Hassi ta yi kuka har idonta ya kumbura. Amsarsa ɗaya ce. Ya karɓi goro, an kai labari har ƙetare, in bai je ba za a ce tsoro ya ji. Ya ce wannan ɗaya kawai, daga shi ya aje. Sannan ya kama hannuna ya ce in rantse ba zan gaya wa kowa a waje abin da likita ta faɗa ba.

"Gara a ce an kashe ni a fage, Yaya, da a ce ga Lawali can, ƙahwa ta mutu. Ka rantse."

Na rantse masa. Ku riƙe wannan, don a kansa sauran labarin yake.

Ran Alhamis muka tafi Shinkafi, lokacin hanya lafiya lau take, ba wanda ke waige. Bayan la'asar kasuwa ta fara watsewa, jama'a ta koma fage, masu shanu da masu raƙuma da 'yan tireda, har kan motoci mutane ne. Ni ne uban wasansa, ni na ɗaura masa ɗamara da hannuna, kuma ina ɗaurawa ina jin cinyarsa tana rawa. Makaɗa suka ɗauki takensa, wanda da nawa ne, kafin nan na Baba. Ya shiga. A al'ada in an kaɗa maka take, rawa kake shiga da ita a kan 'yan yatsu, kana zagaya fage. Lawali ya shiga da tafin ƙafa, daɓ, daɓ, yana ɗaga hannuwa sama don idon mutane ya tafi can. Mutane ba su lura ba, ihu kawai suke. Amma na ga Na-Tudu a ɗaya gefen ya daina rawa. Ba fuskar Lawali yake kallo ba, ƙafarsa yake kallo. Ɗan kokawa ne, ya gani, kamar yadda Inna ta gani. Na ga ya ɗan karkata kai, ya matsa hagu, wajen ƙafar da ta fi rauni. Na san abin da zai yi, don ni ma da shi zan yi. Zai shiga ƙasa ya kwashe ta, ya faɗa a kanta da duk nauyinsa.

A wajenmu in uban wasa ya shiga fage ya yafa wa ɗan wasansa riga, magana ta ƙare, ba kaye ba ne kuma ba nasara ba, an janye shi ke nan. Ba a cika yi ba sai in an ga jini. Ban san lokacin da na tuɓe rigata ba, wata shuɗiya ce mai aiki a wuya, ta Sallah. Sun sunkuya, hannuwansu sun kusa haɗuwa, na ratsa tsakaninsu na jefa masa ita a ka. Kiɗa ya tsaya cak. Lawali ya janye rigar daga fuskarsa ya dube ni. Na ga fushin maza iri-iri a fage, amma ban taɓa ganin kallo irin wannan ba.

A hankali ya ce, "Yaya, mi na yi maka?"

Me zan ce a gaban dubun mutane, bayan na rantse? Sai jama'a ta ɓarke. Wani ya jefo ɓawon rake, wani ya ce an saye ni, wani daga kan mota ya ce hassada ce, tsoho ba ya son yaro ya wuce shi. Wannan ta ƙarshen ita ta zauna a bakin mutane, don ta fi daɗin faɗi. Na-Tudu kuwa da na zo wucewa ya kama hannuna ya matse, ya sake ni. Lawali kuwa ya fita ta ɗaya gefen da rigar a kafaɗa, ya hau wata motar daban. Kafin mako ya zagayo ya kwashe Hassi da kayansu sun koma Birnin Tsaba wurin danginta.

Damina biyu bai yi mini magana ba. In na je gaishe shi sai a ce ya fita, alhali ga takalmansa a ƙofa. Hassi ke fitowa ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta ce in yi haƙuri, shina takawa, har gona shina zuwa da sanda. Wannan kalmar nake zuwa ji, in na ji ta in hau mota in dawo. A Ƙaura kuwa na sha magana. Makaɗa suka daina kaɗa takenmu, 'yan dakon da na nuna wa ƙafarsa suka koma kai buhunansu wata rumfa. Sau nawa maganar likita tana zuwa mini har bakin leɓe in mayar da ita. Na yi fushi da shi, kada ku ɗauka waliyyi ne ni. Akwai ranar da na ce wa Inna na gaji, yaron nan ba shi da godiya. Ta ce, "Kai wanga, shina tahiya da ƙahwa tai ko ba shi yi?" Na ce yana yi. Ta ce, "To mi kake nema kuma?"

Wata safiya bayan girbi na biyu ina rumfa na sunkuya a kan buhu, sai na ji babur ya tsaya. Na ɗaga kai na ga mutum yana saukowa a hankali, ƙafa ɗaya, sanda, sannan ɗaya ƙafar. Shuɗiyar rigata ce a jikinsa, ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya shigo ba sallama, ya zauna a kan tarin buhuna, ya jawo wanda na gama ya juya shi yana duba ɗinkin.

"Wanga faci na, Yaya? Ko kaza ta taka shi sai ya buɗe."

Na ce, "In ka iya ka yi."

"Miƙo basilla."

Na miƙa masa, na juya baya kamar ina neman zare don kada ya ga idona. Shi ke nan sulhun da muka yi, ba wanda ya ƙara ko kalma. Daga ranar muke rumfa ɗaya, ya kwaso Hassi suka dawo gida. Hannuwansa lafiya lau suke a lokacin, kuma cikin shekara guda ya fi ni iya faci, abin haushi, har masu hatsi suna cewa a ba Lawali nasu. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana takawa da ƙafarsa bayan ranar Shinkafi. Da ƙafarsa ya je sunan kowane ɗayanku, da ƙafarsa ya raka gawar Inna har maƙabarta, yana dafe da kafaɗata. Ni na ƙirga shekarun nan ɗaya bayan ɗaya, don su na saya da sunana, kuma ban yi asara ba.

Yanzu kun gane abin da ya sa nake rataye makullin rumfa a ƙusar can ta sama, wadda kuke ta ƙorafi a kanta kuna cewa tsoho ya cika rigima. Ba rigima ba ce. In na aiki ɗayanku ya ɗauko, diddigensa nake kallo. Har yau, alhamdu lillahi, kowa na ɗagewa. In wata rana kuka ga wani a cikinku ko cikin 'ya'yanku ya jawo kujera don abin da da yake kamowa, kada wanda ya yi masa dariya, kada wanda ya ce amarci ne, kuma wanda duk ya kai shi yashi ban yafe ba. Ku kai shi a auna jini. In za a yi auren gida kuma, ku je ku tambayi likita tukuna, ba abin kunya ba ne.

Shekarun nan Lawali a keke yake, kun sani, kuma kun san ni ke ɗaga shi daga shimfiɗa kowace safiya. Kun sha cewa in bari ku yi, shi kuma ya ce ba ku iya kamu ba. Gaskiyarsa. Ba a jan irinsu ta hannu. Rungumarsa ake yi ƙirji da ƙirji, hannu a ƙarƙashin hammata a haɗe a baya, a kafa ƙafa, a cira. Kamun kokawa ne sak, kuma daga gobe zan fara koya muku ɗaya bayan ɗaya, don gwiwata ta fara ba ni labari. Ran Juma'ar da ta wuce na shiga ɗaga shi, Hassi ta riga ta sa masa rigar, wadda yanzu faci ya fi yadin asali yawa a jikinta. Na rungume shi na ja, sai na ji ban kai shi kujerar keken ba, ƙarfina ya tsaya a rabi. Muka tsaya haka a rungume, ina haki. Sai na ji bakinsa a kunnena.

"Ɗage, tsoho."

Na yi ɗage, na cira shi, na aje shi a hankali. Ya zauna yana dariya har da tari. Da ya nutsa ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Yaya, na kwance maka rantsuwar ga. Gaya ma yaran ga abin da likita ta ce, su bar jin maganar banza a tasha."

Na ce, "Sai yanzu?"

"Awo, sai yanzu. Amma in za a rubuta, a rubuta daidai. A sa cewa ba a taɓa kayar da ni ba."

To Luba, sa shi yadda ya faɗa, kada ki gyara ko harafi. Lawali ƙanena ya shiga fagen manya shekara biyar, ya fita da riga a ka, kuma har yau ba ɗan Adam ɗin da ya kai shi ƙasa.